Tsarabar 'Yar Fari

Shekara shida ke nan Hajiya Maiturare, wadda 'ya'yanta ke kira Inna, tana zaune a unguwar Lugbe, a gidan babbar 'yarta Sa'adiya, kuma a shekara shidan nan ko sau ɗaya ba ta kama sunanta ba. Sa'adiya 'yar fari ce, Inna kuwa irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a yaba shi, ba a nuna ana son sa. In za ta kira ta, "Ke!" ce kawai. In za ta yi zancenta da wani, sai ta ce "waccan". Sa'adiya ta san al'adar sarai, a cikinta ta tashi, amma wallahi abin yana cin ranta.

Ita ce mai auna wa Inna suga da safe kafin ta bi motar ma'aikata zuwa sakatariya. Ita ce mai tuƙa tuwon alkama da miyar da ba gishiri. Kullum da yamma, ko da cunkoson titin filin jirgi ya gama jiƙa mata aiki, sai ta ɗora ruwan ɗumi, ta tsoma ƙafafun Inna a wata shuɗiyar roba, ta goge mata kaushi da wani guntun dutse da ya riga ya suɗe, ta bi da man kaɗe. Ladan da take samu a bakin Inna bai wuce "Ke, ya isa haka" ba.

Zuhra fa? Hmm! Zuhra ce auta, tana aiki a wata hukumar tarayya, tana zaune ita kaɗai a Gwarinpa. Ranar Lahadi za ta shigo da ledar tuffa tana ƙamshi, sai ka ji Inna tun daga ɗaki: "Zuhra! Zuhratu! Auta ce?" Suna uku a numfashi ɗaya.

To, ita wannan autar ce ta ɗauki hutu, ta ce za ta kai Inna tsibirin Zanzibar ta ga teku.

"Yaya, ke ma ki zo mana," ta ce, idonta a kan waya. Ta san yara suna jarrabawa, ta san ogan Sa'adiya ba ya sa hannu a takardar hutu a tsakiyar shekara. Sannan ta ƙara da cewa, "In mun dawo ma sai Inna ta wuce wurina, ki ɗan huta."

Ki ɗan huta! Wa ya ce mata ta gaji? Tun daga ranar Sa'adiya ta sa a ranta cewa ba teku ake son nuna wa Inna ba, ƙwace mata uwa ake shirin yi.

Suna sauka hotuna suka fara zuba a gurup ɗin 'yan gida. Ga Inna a bakin ruwa, ta ɗage zani zuwa ƙwauri, farin yashi har bakin ganinka. Ga ta cikin kwale-kwale da rigar kariya ruwan lemo a kan hijabi, tana nuna wasu manyan kifaye masu tsalle a gefen jirgi. Ga ta tana miƙa wa wani ƙaton kunkuru ganye, kunkurun ya kai turmi girma, ita kuwa tana dariya har ana ganin giɓinta. Matar da ko tsakar gida sai an lallashe ta take zagayawa saboda gwiwa!

"Kai, Inna ta sake," in ji Kabir, mijin Sa'adiya, yana murmushi.

"Ai dole ta sake, tana tare da 'yar so," Sa'adiya ta ce, ta kife wayar a kan tebur. Minti biyu ba a yi ba ta sake ɗauka.

A kwana na biyar Inna ta turo saƙon murya, ana jin ƙugin ruwa a bayanta. Ta gaishe da Kabiru. Ta gaishe da jikarta Nabilah, ta ce ta tsinto mata kwanson teku. Ta gaishe da maƙwabciyarsu Maman Felicity, ta tambayi jikin mijinta. Har mai kawo musu ruwa a kura sai da ya samu tasa gaisuwar da sunansa. A can ƙarshe ta ce, "A gaishe da mutanen gidan." Shi ke nan rabon Sa'adiya. Sau tara ta saurari saƙon a ofis, kamar a na goma sunanta zai fito.

Washegari ne abin ya kai maƙura. Zuhra ta ɗora hoton wata rumfa a bakin teku, da fararen tawul da kwanonin ruwa masu furanni a ciki, ta rubuta: "Yau ƙwararru za su gyara wa Inna ƙafa."

Sa'adiya ta ƙura wa hoton ido. Teku ta yafe, kunkuru ta yafe, amma ƙafa? Abu ɗaya tak da yake nata ita kaɗai? Kishi ya rufe ta ruf, kishin ƙanwar da ta goya a bayanta, kuma ko kunyar kanta ba ta ji ba.

Ranar Asabar da hantsi ta shiga ɗakin Inna da jakunkunan Gana-mas-go guda huɗu. Zannuwa, dardumar salla, carbin dare, kwalaben magani, rediyo, hoton mahaifinsu marigayi Malam da ke jikin bango, duk ta tattara. Har zanin gado ta yaye. Kabir ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta.

"Sa'a, kin san abin da ake nufi in an ɗaure wa babba kayansa bai ce ba?"

"Sauƙaƙa musu nake yi. Ba can za ta koma ba?"

"Ita ta faɗa miki?"

"Sai ta faɗa? Kai ba ka da ido ne?"

Ta jera jakunkunan a bakin ɗakin. Shuɗiyar robar kaɗai ta bari a gefe, don a cewarta masu ƙwararru ba sa buƙatar roba.

Lahadi bayan azahar motar Zuhra ta tsaya a ƙofar gida. Inna ce ta fara shigowa da sallamarta, rana ta ɗan ƙona ta, fuskarta a sake. "Kai, gida daɗi," ta ce, ta miƙe kai tsaye zuwa ɗakinta tana warware gyale.

A bakin ƙofa ta ci birki. Ta dubi jakunkunan. Ta leƙa ta ga katifa tsirara, ta ga ƙusar da hoton Malam yake rataye a da.

"Na ga kamar can za ki wuce," Sa'adiya ta ce. "Na ce kada a sha wahalar haɗa kaya."

Inna ba ta dube ta ba. Da Zuhra ce ta yi haka, da ta zazzaga mata faɗa an wuce wurin. Amma uwa irin Inna ba ta buɗe baki ta ce wa 'yar fari a bar ta ta zauna.

"To," ta ce. "An kyauta."

Ta zauna a bakin kujera ta raba tsaraba kamar ba abin da ya faru. Kabir ya samu kanumfari da hula, Nabilah ta samu kwansonta, aka ware wa Maman Felicity zani. Sannan ta kwance wani ƙulli daga bakin gyalenta, ta sunkuya da ƙyar ta ajiye shi cikin shuɗiyar robar.

"A ba waccan. Zuhra, sa kayan a mota."

Zuhra ta ja hannun yayarta zuwa kicin, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, me kika yi haka? Tun a jirgi nake roƙonta ta yi min ko kwana biyu, ta ce ita Lugbe za ta sauka, ba inda za ta."

"Ai kin samo mata ƙwararru."

"Waɗanne ƙwararru? Matar tana miƙo hannu Inna ta naɗe ƙafarta cikin zani, ta ce tana da mai yi mata. Ko ni ba ta bari na taɓa ba, kwana takwas! Je ki ga dugaduganta yadda suka tsage."

Sa'adiya ta koma falo ta ɗauki ƙullin ta kwance. Dutse ne, mai kaushi-kaushi, daidai tafin hannu.

"Ranar da za mu taho ta tsinto shi," Zuhra ta ce daga bayanta. "Ruwa ya janye da safe, ta fi awa tana sunkuye da gwiwar nan tata, ta ɗauki wannan ta gwada a ƙafa, ta yar, ta ɗauki wancan. Wai na gida ya suɗe, hannun waccan yana ciwo."

Da gudu Sa'adiya ta fita, ko takalmi babu. An riga an loda jakunkunan, Inna tana zaune a baya, idonta a gaba. Sa'adiya ta dafa murfin motar. Maganganu sun cika mata baki, amma shekara arba'in ba su taɓa irin wannan zancen ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba.

"Inna, ruwan yamma fa?"

Inna ta gyara gyalenta, ta rufe ƙafafunta da bakin zani.

"Zuhra, mu je, kada la'asar ta same mu a hanya."

Ƙarfe biyar na yi Sa'adiya ta tsinci kanta a kicin, ta riga ta juye ruwan ɗumi a roba, tana taɓa shi da gwiwar hannu don ta ji ko ya yi zafi da yawa. Nabilah ta leƙo tana wasa da kwansonta.

"Mama, ruwan wa ne?"