Ranar da Sitiyarin Wardell Ya Yi Laushi

Tun kafin Odessa ta auri Wardell motar take hannunsa. Ja ce, doguwa, mai faɗin ƙirji, irin waɗanda masana'antun Detroit suka ƙera a zamanin da fetur yake araha kuma samari ba sa jin magana. Idan ya tayar da ita, sai kofunan da ke kicin sun yi rawa. Bai taɓa saka mata ko noti ɗaya da ba nata ba, kuma da wannan yake taƙama a cikin abokansa: yadda ta fito daga masana'anta, haka take.

Odessa ba ta tuƙa ta. Ba hana ta aka yi ba. Ta gwada suna amarci, ta kama sitiyarin da hannu biyu, ta ja har fuskarta ta ɗau zafi, bai motsa ba. Nauyin ƙaton injin nan duk a kan tayoyin gaba yake, kuma ba abin da ke taimakon direba sai damtsensa. Daga ranar ta koma kujerar gefe da kwandon abinci a cinya, ta riƙe ƙaramar motarta ta zuwa coci da cefane.

Da sanyin bana shanyewar ɓarin jiki ta taɓa Wardell. Ya tashi, ya taka, maganarsa ta dawo, amma hannun hagu bai dawo duka ba. 'Yarsu Renita ta kira waya ta ce akwai wani mai tara tsofaffin motoci da ke nema ya saya. Odessa ta zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya dai ce duk watan Agusta motar nan tana shiga jerin gwanon tsofaffin motoci na titin Woodward, kuma in bana ba ta fita ba, a kira mutumin, don ba zai zauna yana kallonta tana tsatsa a gareji ba.

Cleon, abokin Wardell, shi ne ya zo da dabara. Tare suka yi aiki a layi ɗaya a masana'anta, yanzu kuma yana gyaran motoci a bayan gidansa. Wata Asabar da safe ya sauke kaya a bakin garejin: akwatin sitiyari, famfo, tiyo biyu da bel, duk daga wata mota sa'ar wannan. Ya ce famfon zai riƙa tura mai da ƙarfin injin, man kuma shi zai juya tayoyin, direba sai dai ya nuna hanya.

Wardell ya taɓa famfon da kan sandarsa. "Sitiyarin 'yan hutu za ka sa wa motata?"

"To kai me kake yi yanzu, tsoho? Dambe?"

"Wannan hannun da kake gani, ko yanzu zai iya kayar da kai."

"Bari ya fara iya buɗe kwalbar magani tukuna."

Odessa ta ajiye musu shayi mai ƙanƙara ta koma gefe. Ta ga mijinta ya daɗe yana duban hannunsa na hagu, sannan ya matsa ya ba Cleon hanya.

Aikin ya cinye wunin. Da tsohon akwatin ya fito daga ƙarƙashin motar, baƙi ƙirin da maiƙo, Wardell bai yarda a ajiye shi a ƙasa ba. Ya sa aka wanke shi, ya naɗe shi a tawul, kuma tawul ɗin da Odessa ke ajiye wa baƙi ya ɗauko, ya ɗora shi a kan kantar gareji. Ya ce duk inda motar ta je, tare za su je. Odessa ta buɗe baki a kan tawul ɗin, sai ta fasa.

Wajen la'asar komai ya hau, saura fitar da iska. Cleon ya ce in aka tayar da injin da iska a cikin tiyo, man zai yi kumfa, famfon ya riƙa kukan saniya. Sai an ɗaga tayoyin gaba a kan jak, injin a kashe, wani ya zauna ciki yana juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe har iskar ta fita. Shi zai riƙa ƙara mai. Wardell kuwa ya kafe cewa shi zai tsaya a kan tulun man yana kallo, wai idon Cleon ko giwa ba ya gani balle kumfa.

Duka biyun suka juyo suka dube ta.

"'Yar'uwa Odessa, taimaka mana," in ji Cleon.

Ta goge hannunta a jikin siket ta shiga. Kujerar ta lotsa daidai jikin Wardell, har sai da ta ɗan miƙa wuya. Ta fara juyawa, dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Tayoyin suna sama, ba nauyi, don haka ba ta yi mamaki ba. Tana jin man yana ƙugi a can gaba kamar cikin mai jin yunwa, Wardell yana cewa ga wata ta fito, ga wata kuma, har ƙugin ya yi shiru.

Aka sauke motar ƙasa, aka rufe bonet. Ta gwada sitiyarin, ta ji shi daram, irin nauyin nan da ta sani tun tana amarya.

"Murɗa makulli," in ji Cleon.

Injin ya tashi, garejin ya ɗauka, ƙarar ta shiga ƙirjinta. Ta ɗora yatsu a kan sitiyarin don ta riƙe kawai, sai ya tafi. Ya tafi kamar cokali a cikin kunu. Ta cire hannu da sauri. Ta sake taɓawa da yatsa biyu, ta leƙa ta taga, ta ga ƙatuwar tayar nan tana juyowa a kan siminti, tana bin yatsunta. Duk ƙarfin da take ji a ƙarƙashinta shekara da shekaru, wanda ke girgiza mata kwando a cinya, ga shi ya sunkuyo yana jiran abin da za ta ce. Cleon ya ƙwanƙwasa bonet yana dariya.

Wardell ya karɓi kujerarsa. Ya ja baya zai fita, kuma ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi: ya bar motar ta ɗan gangara, sannan ya jefa kafaɗarsa duka a kan sitiyarin. Motar ta wulwula ta afka cikin tumatirin Odessa. Ba wanda ya yi dariya, har Cleon.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi ta zuwa filin ajiye motoci na coci yana gwadawa. Kansa ya gane, jikinsa ya ƙi. Da ya zo kwana sai kafaɗar ta riga shi, hannun hagu kuma ba ya iya tarewa da wuri. Ana gobe jerin gwano ya kashe injin, ya ce wa Odessa ta gaya wa Renita ta kira mutumin.

Odessa ba ta kira kowa ba. Da safe ta gasa haƙarƙari, ta yi burodin masara, ta shirya kwando kamar kullum. Ta same shi a gareji yana goge bonet da hannu ɗaya. Ta miƙa masa kwandon, ta bar tafin hannunta a buɗe.

"Ba ni makullin, Baban Renita."

"Dessa, wannan fa ba motar cocinki ba ce."

"Na sani. Ai na ji ta."

Ya dube ta, ya dubi tsohon akwatin da ke naɗe a kan kantar garejin. Sannan ya laluba aljihu.

Ta sa matashi a kujerar. Ta ja baya a hankali, ta wuce tsakanin bango da tumatirin da suka rage ba ta taɓa ko ganye ba. Hannunta bai saba da tsohon sitiyarin ba, don haka ba abin da zai manta.

Woodward ya cika maƙil. Motoci iri-iri suna tafiya a jere suna ƙyalli, mutane sun jera kujeru a bakin titi, hayaƙin gashi yana tashi. Dogon jan hancin motar yana gabanta, yana karkata duk inda ta so, kuma har yanzu Odessa ba ta gama yarda ba. Ta saci kallon mijinta. Yana rungume da kwandon, ya juya kai yana kallon jama'a baki a ɗan buɗe. Duk shekarun nan titi kawai yake gani. Wani dattijo ya miƙe daga kujerarsa ya cire hula ya ɗaga wa motar, Wardell ya ɗaga masa hannun hagu, iya inda ya kai.

Da fitilar kan titi ta ba su hanya, gabansu ya ɗan buɗe.

"Dessa," ya ce, bai juyo ba. "Ƙara mata wuta kaɗan, su ji muryarta."

Ta taka.