Ƙwaya Biyu-Biyu

A Bungudu ana cewa in kana son shukarka ta tsira, ka kira Labbo. Ba ya yarda da ƙwayar gero ɗaya a rami. Biyar yake zubawa, in sun fito ya cire raunanan. Ana kuma cewa shekara goma sha ɗaya shi da matarsa Dije ba haihuwa, amma ba wanda ya taɓa jin kansu.

Yau ga shi tsugune a barandar asibiti a Gusau, hula a hannu. Tun a mota Dije ke numfashi da baki, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Cikinta wata bakwai ne, amma kamar ta haihu gobe.

Bara ne likita ya rubuta mata ƙwayoyin neman haihuwa: ɗaya kullum har kwana biyar, daga rana ta biyar da ganin al'ada. Watan farko Labbo zai tafi Tsafe awon auduga, sai ya ce ta ajiye, kada a sha a banza. Da ya dawo aka karɓo na wata na biyu, shi da hannunsa ya haɗa mata, biyu-biyu.

Lantana, nas ɗin ɗakin mata, ta leƙo. "Mijin Dije, shigo."

Likita ya ɗaga hoton cikin wajen hasken taga. Labbo ya ga wasu abubuwa farare kamar ƙananan ƙoƙuna.

"Kawuna ne," in ji Lantana. "Uku. Jininta ya hau, kuma da wuya su jira wata tara. Likita na son ya ji yadda aka sha maganin." Ta juya wajen gado. "Ke baiwar Allah, ɗaya aka ce maki ko ba ɗaya ba?"

"Biyu na riƙa sha," Dije ta ce, idonta a rufi. "Ni na ruɗe."

"Kin ruɗe! Gyaɗa kika ɗauke shi?"

Labbo ya matso kusa. Ya dafa ƙarfen gado.

"Malama, ba a iya ragewa? A bar mata ɗaya?"

"Gonarka ce?"

"To za ta tashi?"

Lantana ta maida wa likita tambayar da Turanci. Ya daɗe yana magana. Abin da ta dawo da shi kaɗan ne.

"Za mu kwantar da ita nan har ta sauka. A nemo masu ba da jini, mutum uku. Sauran na Allah ne."

Ta ɗauki alƙalami za ta rubuta abin da Dije ta faɗa.

"Dakata, Malama," in ji Labbo. "Ba ita ba ce. Ni na haɗa mata. Har ta ce likita ya hana, na ce mi ya sani."

"Malam, bari," Dije ta ce a hankali. "Gaban mutane ne."

Bai bari ba. Ya durƙusa a kan siminti, daidai kumburarrun ƙafafunta.

"Dije, na cuce ki. Don Allah ki yafe mani."