Ɗakin Haɗi

"Ba zan haɗa ba."

Likita ta faɗi haka ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ajiye cokalin roba a gefen kwano, ta zare safar hannunta. Ba likita ba ce. Ilimin sinadarai ta karanta a jami'a, ta fito da sakamako mai kyau, aiki ya ƙi samuwa, ta ƙare a ɗakin baya na wani babban shagon kayan kwalliya tana dama man bilicin. 'Yan shagon ne suka laƙaba mata sunan don tsiya, ita kuwa ta karɓa ta yafa.

Matar yayanta na tsaye a bakin ƙofa, jaka a hammata, tana riƙe da hannun 'yarta Kurciya, yarinya 'yar shekara shida, da kayan makaranta a jikinta.

"Ban ji ba, Goggon yara."

"Kin ji, Anti. Ba zan haɗa wa Kurciya ba."

"Ai ba kyauta na ce ki ba ni ba. Na biya a gaba."

"Ko shagon kika saye."

Anti ta yi 'yar dariya ta hanci. Fara ce tun haihuwa, ta kuma ƙara da na kanti. 'Ya'yanta maza biyu duk ita suka biyo, Kurciya kaɗai ta ɗauko dangin ubanta, baƙa wuluk, fatarta sumul kamar an goge ta da man gyaɗa. Duk wanda ya gan ta da Likita a hanya cewa yake 'yarta ce.

"Mai sauƙi nake so, na yara," in ji Anti. "Jiya aka yi baƙi a makarantarsu. Ita ta haddace jawabin maraba, amma wata aka tsayar a gaba ta riƙe fure, ita aka tura ta layin baya. Ta dawo tana kuka. Ke ba ki haihu ba, ba ki san zafin ba."

"Babu na yara, Anti. Ni nake damawa, na san abin da ke ciki. Fatarta za ta yi siriri kamar leda, jijiya ta fito kore, in ta faɗi ta kuje gwiwa ciwon ya ƙi warkewa."

"To sai in bar ta ta zama ke? Ga digiri, ga baƙi, ga baki. Kina zaune a ɗakin yayanki kina tsufa, ko mai sallama babu."

Kurciya ta ɗaga kai ta dubi uwarta, ta dubi goggonta, ta mai da ido kan takalminta.

Ɗakin haɗi ba shi da taga. Fanka ɗaya ce a bango tana juya warin sinadari daga wannan kusurwa zuwa waccan. A kan teburi akwai kwanukan silba, sikeli ƙarami, da katan-katan na tub ɗin man da ake matsewa a dama da sabulu da mai. Ta ƙofar kana hango gaban shagon: fitilu, madubai, da 'yan matan da aka zaɓo don haskensu, suna murmushi a bayan gilashi. Ranar da Likita ta zo neman aiki, Manaja ya duba takardunta, ya duba fuskarta, ya ce gaba ta cika amma akwai wuri a baya. Ta karɓa. Shekara biyu tana haɗa wa manya, tana gaya wa kowace gaskiyar abin da zai yi mata, suna cewa ta zuba kawai. Ba ta taɓa shafa ko ɗigo a jikinta ba.

Hayaniyar ta jawo Madara, shugabar 'yan gaba. Tare suka yi firamare da Likita, lokacin launinsu ɗaya. Yanzu Madara fara ce sol, sai gaɓoɓin yatsunta da suka ƙi bin umarni, ga dogon hannun riga ko ana zafi. Ta ja Likita gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Ke, kada ki yi wauta. Ɗebo man shafawa zalla, ki ɗiga turare, ki liƙa takarda. Uwa ta tafi da murna, 'ya ta tsira, ke ki tsira da aikinki. Wa zai sani?"

Dabarar ba ta da aibu, Likita ta san da haka. Ta dubi Kurciya, ta ga yarinyar hannuwanta take kallo, tana jira ta ga abin da za su yi.

"Ita za ta sani," in ji Likita. "Kullum da safe za a tuɓe ta a shafe ta, a ce ga maganin da Goggo ta haɗa miki. Ko ruwa ne a kwalbar, abin da za ta ji ɗaya ne: har Goggo ta yarda ciwo gare ta."

"Girman kai rawanin tsiya," in ji Madara. "Ni dai na faɗa miki."

Anti ta riga ta fita tana kiran Manaja. Ya shigo yana kaɗa makullai, gajere, baƙi ƙirin, wuyansa ya cika kwalar riga. Shi ba ɗan yarensu ba ne. Mai karɓar kuɗi, mai sito, har mai gadi, duk daga wajen garinsu ya kwaso su, in suna magana da yarensu Likita ta shigo sai su yi shiru.

"Likita bokan Turai, me ya faru? An ce kin kori mai saye."

"Yarinya ce, Manaja. Shekararta shida."

"Uwarta ce ta kawo ta ko ke?"

"Ka dubi fatarka ka dubi tata. Da 'yarka ce za ka yarda?"

Manaja ya shafa kumatunsa ya yi dariya. "Ni ba ruwana da baƙi da fari. Baƙi nake, matata baƙa ce, ba mu taɓa kwana da yunwa saboda haka ba. Wannan cutar taku ce, ku kuka san ta. Abin da na sani shi ne halin mutanenku. Tun ranar da kika buɗe baki na ji harshenki na ce za a rina. Ga talauci ga fankama, ba a ba ku umarni. In aka ɗauki ɗayanku aiki, sai ya zaci gadon ubansa aka ba shi."

Anti, wadda maganar ta haɗa da ita da iyayenta, ta gyara jakarta ta yi kamar ba ta ji ba.

"Mutanena ba su ƙi haɗawa ba," in ji Likita. "Ga ɗayarsu nan tana roƙo. Ni na ƙi."

Sai aka ji takun takalmi a matattakala. Mai shagon ne yake saukowa daga ofishinsa na gilashi. Mutumin ƙetare ne, farar fata, ya daɗe a ƙasar har ya iya yaren kasuwa. Kofinsa daban, banɗakinsa da makulli, in ma'aikaci ya miƙo masa takarda, da baki yake nuna masa teburi ya ajiye. Ya tsaya nesa da ƙofar, hankici a hanci, Manaja ya yi masa bayani yana rusunawa.

A daidai lokacin mai sito ta shigo da katan a ka. Ɗiyar yayar Manaja ce, gajera mai jiki, sanye da farar rigar aiki irin ta Likita. Mai shagon ya nuna ta da yatsa.

"Ke. Cire rigar, ki tafi."

Katan ɗin ya kusa suɓuce mata. Manaja ya jefa mata kalma biyu da yarensu, ya juyo da sauri. "Ba ita ba ce, ranka ya daɗe. Waccan ce, doguwar."

Mai shagon ya dubi mai sito, ya dubi Likita, wadda take gaishe shi kowace safiya shekara biyu, ya ɗaga kafaɗa. "To, waccan. Ni ina zan gane ku?"

Madara ta matso da murmushin da take yi wa manyan masu saye. "Yallaɓai, a yi mata haƙuri. Ƙawata ce, ba za ta ƙara ba." Garin roƙo yatsunta suka taɓa hannun rigarsa.

Ya janye hannun. Ya sauke hankicin daga hanci, ya goge wurin a hankali, kowa na kallo.

"Ke kuma wace ce?"

"Ni ce ta gaba, yallaɓai. Ni nake buɗe maka ƙofa kullum."

"Kin iya haɗi?"

"Ina ganin yadda take yi."

"To haɗa."

Anti ta samu ƙarfin gwiwa. Ta turo Kurciya gaba, ta karya murya. "Na gode, yallaɓai. Ba da yawa nake so ba, ta dai yi haske kamar ni."

Mai shagon ya dubi uwar, ya dubi 'yar, ya sake duban uwar. Ba izgili ne a fuskarsa ba, da gaske yake neman bambancin.

"Kamar ke?" Dariya ta kuɓuce masa. "To. A ba ta babbar kwalba." Ya kama hawa matattakala, yana ce wa Manaja da muryar da bai damu ya rage ba, "Su yi ta shafawa. Ni tun da na buɗe shagon nan ban ga wadda ta canza ba."

Anti ta buɗe jaka ta hau neman abin da ba ta ajiye ba. Madara ta ja hannun rigarta ta rufe yatsunta, sannan ta tuna aiki aka sa ta, ta sake fito da su.

Likita ta cire farar rigar, ta ninke ta tsaf, ta ɗora a kan kujera. Tana ɗaukar jakarta ta ga Madara ta matse tub guda cur a kwano, ta ɗauko na biyu. Alhali ita Likita ɗan abin da kan yatsa ya lakato take sa wa babbar mace.

"Madara, rabin na farkon ma ya yi wa babba yawa."

"Ba ki da baki a nan," in ji Manaja. "Mai gadi, raka Likita."

"Ƙara, 'yar nan," Anti ta ce wa Madara. "Baƙin ciki take."

A cikin bas Likita ta samu wuri kusa da taga, ta zauna ƙyam, ba ta bar ido ya kawo ruwa ba. Maganar mai shagon ba ta dame ta ba kamar yadda ta zata. Mutumin bai taɓa ganin ta ba balle ya raina ta ita kaɗai, ya haɗa ta da Madara da Manaja da Anti a buhu ɗaya ya ɗaure. Manaja kuwa ko fara ce ita kamar takarda, harshen uwarta zai saurara. Rainin da ya ci mata rai shi ne na gida. Anti yarensu ɗaya, kwanonsu ɗaya, amma ita ce ta san inda za ta ɗora sikeli, ta auna ta tun daga goshi har tafin ƙafa ta ce ba ta kai ba.

Da yamma ta iske Yaya a tsakar gida, bai ko cire kayan garejinsa ba. Labari ya riga ta isowa.

"Kin kunyata matata a gaban mutane."

"Yaya, 'yarka ce. Fatarka ce a jikinta."

"Ni namiji ne, ba wanda ya tambaye ni." Ya goge hannunsa da tsumma, bai dube ta ba. "Kin manta kukan da kike dawowa da shi ana kiranki gawayi? Wa yake fita ya rama miki? Haƙorin nan a kanki na rasa shi. Na gaji da ramawa, ƙanwata. In akwai abin da zai sa a bar yarinyar nan ta sha iska, a yi mata."

"Ni ban mutu ba."

"Ba ki mutu ba. To me kika samu?" Ya jefar da tsumman. "Ki shiga ki ba ta haƙuri. In ba za ki iya ba, ta ce gidan nan ba zai ɗauke ku ku biyu ba, ni kuwa ba zan saki uwar 'ya'yana ba."

Likita ta dubi ƙofar ɗakin Anti, labule a sake. Ta wuce nata ɗakin, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Littattafan jami'a ta fara jerawa a ƙasa, sannan tufafi.

Warin ne ya fara shigowa kafin yarinyar. Kurciya ta tsaya a bakin ƙofa da ɗan siket, jikinta na ƙyalli, gefen wuyanta ya yi jaja-jaja.

"Goggo, duba. Ya fara?"

Likita ta durƙusa. "Yana miki zafi?"

"Kaɗan. Mama ta ce zafin ne aikin." Ta matso ta jera hannunta da na goggonta, ta ƙura musu ido. Launi ɗaya, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Fuskar yarinyar ta faɗi. "Bai fara ba."

"Bai fara ba," in ji Likita.

"Mama ta ce da ke kika haɗa da ya fi sauri. Don me kika ƙi, Goggo? Ba kya sona?"

Daga tsakar gida Anti ta kira ta, ta ce kada ta goga jikinta a kayan mutane. Kurciya ta fita da gudu.

Likita ta zuge akwatin. Da safe tana da aiki, da ɗaki, da yarinyar da ke kwana a bayanta. Yanzu babu aikin, babu ɗakin, yarinyar kuma an shafa mata wanda ya ninka nata ƙarfi, gobe ma za a shafa. Abin da ya rage mata kawai shi ne ba hannunta ne ya dama ba. Da hannun ta ɗauki akwatin ta fita.