Baƙar Ƙasar Kurmin Tajaye

Dashen gawo ɗari huɗu Labo ya rena a gandun Tajaye, damina biyu bayan babban fari, amma kowace safiya sai ya tarar da wasu sun kwanta, wuyansu a ruɓe. Mutanen gari, da ba sa rasa bayani, suka ce hannunsa ne ba albarka. Har gayyar shuka aka daina kiransa. Wannan ya ci masa rai fiye da batun korarsa daga aiki da ake ta yi a buro, wato ofishin gandun daji.

Alhali ba wanda ya kai shi yi wa dashe gata. Ba ya cika tukwanen reno da ƙasar banza. Jaki yake korawa har tsakiyar kurmi, ya ɗebo baƙar ƙasar gindin manyan itatuwa, yadda ubansa ya koya masa.

Mas'udu, jami'in gandun daji da ake ce wa Mushe, wato Malam a Faransanci, ya zo daga Illela da takardar sallama a aljihu. Yana zagayawa ya ga layi ɗaya kore shar. Labo ya sunkuyar da kai ya amsa laifinsa: ranar da ya cika tukwanen layin, jakin ya gurgunce, sai ya kwashi ƙonanniyar ƙasar wurin da Barira maginiya ke gasa tukwane.

Mas'udu ya bar takardar a aljihu. Ya sa aka raba ƙasar kurmi biyu, aka gasa rabi a wutar Barira, aka yi shuka a cikin duka biyun. Gasasshiyar ta raya, ɗanyar ta kashe. Sai ya ƙulle ɗanyar a gwangwani ya aika wa masu bincike a Yamai.

Bayan wata biyar amsa ta zo, Labo ya roƙi a karanta ta a ƙofar masallaci. Wata ƙwayar cuta ce a cikin ƙasar, mai cin saiwa, masu bincike ba su same ta a littattafansu ba. Suna neman izinin sa mata sunan Labo, tunda ta dalilinsa aka gano ta.

Labo ya ce, "Mushe, shekara guda ina wanke sunana ga cutar ga. Yanzu kuma a liƙa mata shi har Yamai? Su nemo wani."

Jama'a suka kwashe da dariya. Kafin a watse, maƙwabcinsa Isufu ya matso, yana kallon ƙasa, ya ce jibi akwai gayya a gonarsa.