Hukuncin Harbi da Kafaɗar Hagu

Ƙungiyar Kibiya ba ta da makusa, in dai masu ita ka tambaya. Ɗaliban Najeriya masu karatu a ƙasar Larabawa ne suka kafa ta a bayan wata cibiyar matasa a unguwar Hay el-Sabi', inda aka ara musu wani dogon ɗaki da bindigogin iska guda uku. Duk Juma'a bayan la'asar suna koya wa yara harbin takarda daga nisan mita goma, ko sisi ba sa karɓa. Kuma ba sa taɓa bari ka manta cewa ba sa karɓa.

Shugabansu Ustaz Sulaimanu, mai rubuta digiri na uku a nahawu, mutumin kirki ne, wannan babu musu. Sai dai duk abin da ya sani game da harbi a intanet ya kalla. Mataimakinsa Harun kuwa a wurinsa ya koya. Kowace Juma'a Ustaz zai buɗe da wa'azin falalar harbi na awa guda da kwata, sannan a raba wa kowa 'ya'yan darma biyar, a harba, a yi addu'a, a watse.

A kujerar baya, kusa da ƙofa, Abakar tela yake zama. Bahaushen Sudan ne, shagonsa na can unguwar Ainu Shams, kuma mota biyu yake hawa ya rako 'yarsa Amna. Kafin zama ya gagare su a gida, shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin gonakin dawa a Gadarif da bindiga a kafaɗa. Bai taɓa gaya wa ustazan ba. Baƙo ne, 'yarsa kyauta take koyo, ya san matsayinsa.

A watan Maris na 2014 aka ba ƙungiyar gurbi ɗaya tak a gasar cibiyoyin matasa, ɓangaren 'yan mata 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas. Aka zaɓi Amna. Ba don ta gwanance ba, a'a, ita ce dai mai dama-dama a cikin huɗun da ke zuwa. Gasar a watan Mayu take, Amna kuma za ta cika sha takwas a Yuni, wato wannan ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe. Tun daga ranar yarinyar ba ta da zance sai gasa. Har farin hijabin da za ta saka ta wanke ta goge ta ajiye, saura wata biyu.

Abin da ya hana Abakar sukuni shi ne ya san dalilin da ya sa harbinta yake kaucewa gefe. Ya sha ganinta a shago tana zura zare a allura, kullum idon dama take runtsewa. Idonta na hagu ne mai ƙarfi. Su kuwa malaman sun kafe sai ta ɗora bindiga a kafaɗar dama, don komai na alheri da dama ake farawa. Sai ka ga yarinya ta karkace wuya tana neman leƙa saiti da ɗaya idon, Ustaz yana tsaye can nesa da doguwar rula yana nuna mata, “Miƙe kanki, ya binti! Yalla, maza!”

Wata rana da malaman suka fita alwala, Abakar ya matso ya ce, “Mayar da ita hagu mu gani.” Darma biyu suka rage mata. Duka biyun suka shiga baƙin tsakiya, har ramukan na taɓa juna. Amna ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya san yanzu shiru ba zai yiwu ba.

Ana haka sai ga Ustaz ya sanar da zaman nasiha a farkon Afrilu. Ya ce addini nasiha ne, kowa ya zo ya faɗi gyara, ƙirjinsu a buɗe yake. Iyaye suka hallara, aka raba shayi. Na farko ya tashi ya ce gyaransa ɗaya ne, malaman suna wahalar da kansu da yawa. Na biyu ya ce a ƙara tsawon wa'azi. Ustaz yana rubutawa yana gyaɗa kai. Abakar, bawan Allah, shi kaɗai ne ya ɗauka da gaske ake.

Ya miƙe ya yi godiya mai tsawo, ya sa musu albarka har sau uku. Sannan ya ce, “Allah ya gafarta malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Darma biyar a mako ba ta koya wa hannu komai. A rage magana kaɗan, a ƙara harbi. Sannan bindigar nan ta tsakiya, in Ustaz ya zo ya murɗa saitinta daidai idonsa, in Malam Harun ya zo ya mayar daidai nasa. Yara suna harbi daidai, bindiga na yi musu ƙarya. A bar mutum ɗaya ya saita, a daina taɓawa.”

Harun ya ajiye kofinsa.

“Na ƙarshe kuma,” in ji Abakar, “kafin a ba yaro bindiga a duba wane ido ne mai ƙarfi. Minti ɗaya ne. Amna da hagu take gani. A bar ta ta harba da kafaɗar hagu, wallahi za ta fidda ku kunya a gasar nan.”

Harun ya ce, “Baba Abakar, mu fa sa kai muka yi. Karatunmu muka bari muka zo nan. Ko kuɗin mota ba a ba mu.”

“Na sani, ɗana. Allah ya biya ku. Amma darma ba ta san wanda ya sa kai ba, inda aka nuna ta take zuwa.”

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ustaz Sulaimanu ya ɗaga hannu cikin nutsuwa. Ya ce maganar darma da saiti ƙananan abubuwa ne, za a duba. Amma maganar hagu, wannan mas'ala ce, kuma mas'ala ba a yi mata gaggawa. Shin harbi ibada ne ko al'ada? In al'ada ce, tana cikin abubuwan girmamawa da ake fifita dama, ko kuwa? Idonsa har ƙyalli yake yi. Kai, mutumin nan ya sami abin da ya fi bindiga daɗi! Nan take aka kafa kwamiti na mutum biyar.

Abakar ya koma gida da farin ciki, yana ganin an saurare shi. Ya ce wa Amna, “Khalas, an gama. Mutanen ilimi ne, kwana biyu za su fitar da magana.”

Juma'a ta zagayo, aka ce kwamiti ya zauna, an yi saɓani a kan ma'anar kafaɗa, ko tana cikin hannu ko ba ta ciki. Ta gaba, ɗaya daga cikinsu ya tafi neman wani littafi a Abbasiya bai samu ba. Kafin a yanke hukunci, in ji Harun, bai dace Amna ta harba da hagu ba, don ana bincike, bai kuma dace ta harba da dama ba, tunda mahaifinta ya ce cutarwa ce. Sai ta zauna a kujerar baya kusa da ubanta, tana kallon sauran.

A ranar da za a rufe karɓar sunayen 'yan gasa, Abakar ya rufe shago ya je har ɗakin Ustaz. Ya cire girma ya roƙe shi. “Na janye maganata. Ku sa sunanta, ta harba da duk kafaɗar da kuke so.”

“Subhanallah, Baba! A janye nasiha? Ai ta zama amana a wuyanmu.” Ustaz ya dafa ƙirji. “Ma'alish, ka yi haƙuri. Ba za mu tura sunan da ke da shubuha ba. Mun ba da na wata.”

Yarinyar da aka tura ta zo ta ashirin da uku cikin ashirin da huɗu, aka yi mata walima. Daga nan jarrabawa ta zo, kwamiti ya dakata. Azumi ya kama, ya sake dakatawa. Amna ta daina zuwa tun tuni, ba ta kuma sake ta da zancen ba. Wannan shirun nata ya fi ci wa Abakar rai fiye da in ta yi kuka.

Bayan sallah da mako biyu, da hantsi, sai ga Ustaz Sulaimanu da kansa a ƙofar shago, fuska cike da fara'a, riƙe da takardu shafi goma sha ɗaya. Amna na kan keken ɗinki a ciki.

“Albishirinka, Baba Abakar! Ya halatta! Huɗu sun yarda, ɗaya ya ce makaruhi ne amma mai sauƙi. Har sunanka mun sa a godiya. Maganar saiti ma mun karɓa, yanzu ni kaɗai nake murɗawa. Ka ga amfanin nasiha? Sai ta dawo Juma'a.”

Amna ta tsayar da keke. “Ustaz, akwai gasar da ta rage wa mai shekara sha takwas?”

Ustaz ya ce, “A gurbinmu dai babu. Amma tamam, ba damuwa, ai muna neman masu sa kai. Sai ki zo ki koyar.”

Ya ajiye takardun a kan teburin yanka, ya yi sallama ya tafi yana jin daɗin kansa. Abakar ya tsaya da almakashi a hannu, kunya da baƙin ciki sun cika shi, ya rasa ta inda zai kalli 'yarsa. Da ƙyar ya ce, “Kin dai ji, ashe gaskiya na faɗa.”

“Gaskiya ka faɗa, Baba,” in ji Amna, ba ta ɗago ba. “Da ka yi shiru, ko ta ƙarshe na zo, da na dai je.”

Ta taka keke ta ci gaba da ɗinkinta.