Ruwan da Kum Obrad Bai Sha Ba

A yi mini afuwa. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Wannan ne labarina na farko, sau uku ina yaga shi. In bai yi ba, a rufa mini asiri.

Ranar slava ce a gidan Stanimir, bikin waliyyin gidan, kuma tun safe 'yarsa Radoyka take riƙe da faranti. Duk baƙon da ya shigo sai ta tarbe shi da cokalin slatko mai zaƙi da kofin ruwa. Hankalinta kuwa yana Belgrad. Ranar Litinin ake rufe biyan kuɗin shekara ta biyu na digirinta na uku a fannin kiwon lafiyar al'umma, tallafin da ta nema kuma wani aka ba. In ba ta biya ba a cire sunanta, shekara gudan da ta yi tana gwada ruwan rijiyoyin ƙauyensu ta tafi a banza.

Sai da rana ta karkata Kum Obrad ya iso. Shi ya riƙe ta a coci ranar da aka raɗa mata suna, shi ya sa take kiransa kum. Shi ne kuma mai gonar aladun da ke kan tudu, wadda ƙazantarta ke gangarowa wajen rijiyoyin in an yi ruwan sama. Abin da kum ya ba mutum ba a mayar masa, kowa ya san haka.

"Ina dokta? Zo nan, 'yar tabarau!" Ya ɗora ambulan mai kauri a kan farantinta, a gaban kowa. "Na shekara biyu ne. Kada a ce ina raye aka koro 'yata."

Aka ɗauki tafi. Innarta Borka ta rangaɗa ihu daga bakin murhu, "Sumbaci hannunsa mana, kin tsaya kamar turke!"

Kum ya rage murya, amma bai rage murmushi ba. "Abu ɗaya. Ki bar rijiyoyin nan. Yara na gudawa tun zamanin kakanninmu. Ki yi rubutunki a kan hayaƙin Belgrad, ai can akwai abin faɗa."

Radoyka ta dubi babanta. Yana tsaye a bakin ƙofa, don mai gida ba ya zama ranar slava. Ya ji komai. Sai ya shiga gyara kyandir ɗin bikin da ba abin da ya same shi.

"Kum," ta ce, "ba ka taɓa slatko ba."

Ya lashe cokalin, ya ɗauki kofin, ya kai shi daf da baki. Sai hannunsa ya tsaya.

"Na ina ne?"

"Na rijiyarmu."

Ba wanda ya taɓa jin baƙon da ya ƙi ruwan slava. Kum Obrad ya ɗaga kofin, ya ƙura masa ido ta hasken taga. Ruwan garau yake, ko ɗigon datti babu.

"Sha mana, Obrad," in ji tsoho Zhivorad maƙwabci, wanda jikarsa ta yi mako a asibiti da bazara. "Ko aladunka sun hana ka?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kum ya taya su dariyar, ya mayar da kofin kan faranti a cike.

"Likita ya hana ni ruwan sanyi. Stanimir, ina giyar nan taka? Ko sai na roƙa?"

Stanimir ya yi sauri ya kawo kwalbar giyar, mai kiɗan akodiyan ya ja waƙa, kowa ya sami abin kallo.

Radoyka ta wuce da farantin zuwa zaure. Rigar sanyin Kum tana rataye a ƙusa. Ta riƙe ambulan ɗin, ta ji nauyinsa, ta tuna Litinin, har idonta ya kawo ruwa. Ta zura shi a aljihun rigar na ciki, ta ɓalla maɓallin. Sannan ta ciro 'yar kwalbar gwaji daga jakarta, ta juye ruwan kofin, ta rubuta kwanan wata.

Ba ta san abin da za ta gaya wa ofishin jami'a ba. Ta riƙe takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta bi ta ƙofar baya, ana tsakiyar waƙa.