Farar Ƙasa a Bangon Maikuɗi

Duk Anka babu wanda bai san Maikuɗi mai injin niƙa ba. Shekarar da gubar dalma ta yi ɓarna a Dareta yana can yana niƙa dutsen zinari, ya kwanta wata biyu, ya miƙe da ƙafarsa. Ya rantse daga ranar ba ya niƙa komai sai hatsi. Yanzu injin casar shinkafa yake so kafin kaka, don kada manoman Gummi su wuce shi da buhunansu.

Ma'aikacin banki ya ce bashi mai nauyi haka sai odita, mai binciken lissafi, ya duba cinikinsa ya sa hannu.

"Shi taho," in ji Maikuɗi. "Ban yi boko ba, amma kwabo bai taɓa ɓace min ba."

Lissafinsa a bangon shago yake, da gawayi. Dogon zane buhu, gajere tiya, da'ira man inji. Shekara uku cur.

Ranar da oditan, Malam Ikrima, ya iso daga Gusau, Maikuɗi ya taro shi a tasha yana ta cika baki. Suna shiga shago ya tsaya cak. Bango fari fat. Matarsa Rakiya tana gefe da bokiti, ta shafe shi da farar ƙasa.

"Uwar Zaliha, mi kika yi haka?"

"Malam, baƙo daga birni, shi iske bango kamar gindin tukunya? Mutuncinka na gyara."

Ikrima ya rufe jakarsa. "Baba, babu rasit, babu littafi, yanzu babu bango. Ko za ka nemi ƙaramin bashi? Shi ba ya buƙatar odita."

"Ƙaramin bashi ba ya sayen injin casa, ɗana. Zamna."

Maikuɗi ya ɗebi ruwa a kwano ya watsa a kusurwa. Farar ƙasa in ta jiƙe ba ta rufa asiri. Zanen gawayi ya fito, dishi-dishi amma ana gani.

"Wanga watan azumin bara waccan ne. Rubuta kafin shi bushe."

"Sai na haɗa da shaidar masu kawo niƙa, kuma ban yi maka alkawarin banki ba."

"Suna nan da ransu. Rubuta."

Ikrima ya zaro biro. Rakiya ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya tana gunaguni a kan aikinta na safe, Maikuɗi kuwa ya matsa zuwa watan Shawwal.